Shin kuturta gado ce? Amsar da ɓera da wata dabba mai sulke suka ba likitoci

A kowace Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ne duniya ke tunawa da masu fama da cutar kuturta, ranar da wani Bafaranshe mai suna Raoul Follereau ya ƙirƙiro a shekarar 1954. A wannan rana magabata kan yi jawabai, a raba sabulu da barguna, gidajen rediyo su watsa labari, da yamma kowa ya kama gabansa. Washegari kuma al'amari ya koma yadda yake. Matar da aka ga tabo a jikinta sai ta ga masu sayen ƙosanta sun koma wurin maƙwabciyarta. Yarinyar da kakanta ya yi kuturta, ko da ya warke tun kafin a haife ta, sai a ji dangin manemi sun janye bayan sun yi bincike, wai gidansu gidan kuturta ne.

Mu ƴan kasuwa mun san karin maganar nan da ke cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. To, kuɗinsa muna karɓa, amma ɗiyarsa ba mu so, abincinsa ba mu ci. Dalilinmu ɗaya ne, mun ɗauka cewa cutar a jini take, kuma ana gadonta kamar yadda ake gadon gona. Wannan tambaya ta gado ita ce masana suka shafe sama da shekara 150 suna bi, kuma babban rabo na amsar ba daga jikin mutane aka same shi ba, daga jikin dabbobi aka same shi. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu duba abin da suka gano, da abin da ya rage, da kuma inda ya shafi rumfunanmu da gidajenmu.

Gardama tsakanin suruki da suruki

Ba mu kaɗai ba ne muka yi wannan zato. A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, kuturta ta yi yawa a ƙarni na 19, kuma babban likitan kutare na birnin Bergen, Daniel Danielssen, ya tsaya kai da fata cewa gado ce. Har ya kai ga ya yi wa kansa allura da abin da ya ɗebo daga jikin marasa lafiya, bai kamu ba, sai ya ce ga hujja. Mijin ɗiyarsa, wani matashin likita mai suna Armauer Hansen, shi ne ya saɓa masa. A shekarar 1873 Hansen ya duba naman marasa lafiya a ƙarƙashin madubin likita, ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi kamar ƴan sanduna, ya ce waɗannan ne ke haddasa cutar.

Amma gani daban, tabbatarwa daban. Hansen ya yi ta cusa ƙwayar a jikin zomaye da wasu dabbobi, ba ta kama ba. Da abin ya ishe shi, a 1879 ya soka ta a idon wata mata marar lafiya ba tare da yardarta ba. An kai shi kotu a 1880, aka raba shi da muƙaminsa na asibiti. Wannan shari'a ta nuna iyakar da ba a ƙetarewa: ba a ɗaukar ɗan Adam a sa masa cuta don a ga yadda za ta kasance. Ke nan dole a samo dabbar da za ta ɗauki wannan nauyi.

Ƙwayar da ta ƙi tsira a cikin kwalba

Yawancin ƙwayoyin cuta, kamar na kwalara ko na tarin fuka, ana iya renonsu a cikin kwalba ko faranti a ɗakin bincike, a ba su abinci su hayayyafa, sannan a zuba musu magani a ga wanda ke kashe su. Ƙwayar kuturta ta ƙi wannan har zuwa yau. Ba ta rayuwa sai a cikin jiki mai rai. Ga ta kuma da nawa: wasu ƙwayoyin cuta kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta yi kamar kwana 12 zuwa 14 kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa mutum kan ɗauke ta shekara 5, wani har 20, kafin alama ta fito. Wannan jinkiri shi ne ya rikita kakanninmu. In cuta ta fito wa ɗa shekara goma bayan rasuwar uba, wa zai ce a zaman ɗaki ɗaya ya ɗauka? Sai a ce gado.

Akwai wani hali nata kuma: ba ta son zafi. Ta fi son wuraren da suka fi sanyi a jiki, wato hanci, kunnuwa, fata, yatsun hannu da na ƙafa. Wani likitan Amurka mai suna Charles Shepard, a birnin Atlanta, ya yi amfani da wannan hali a shekarar 1960. Ya ce in dai sanyi take so, bari a sa ta a tafin ƙafar ɓera, wanda wasunmu ke kira kusu, domin nan ne ya fi sanyi a jikinsa. Sai ga shi ta kama. In aka sa ƙwaya kamar 5,000, bayan wata shida ko fiye sai a tarar sun kai wajen miliyan ɗaya, daga nan kuma su tsaya, saboda garkuwar jikin ɓeran ta taso ta tare su. Shekara 87 ke nan bayan Hansen kafin a samu wannan ƴar ƙofa.

Ribar da muka ci daga ƙafar ɓera

Ɗan kasuwa zai tambaya, to mece ce ribar? Ribar ita ce maganin da ake bayarwa kyauta a gidajen likita na ƙasarmu. Kafin lokacin, magani ɗaya ne ake dogaro da shi, dapsone, wanda ake sha shekara da shekaru, wasu har iyakar rayuwa. A 1964, a ƙasar Maleshiya, da ƙafar ɓera aka tabbatar cewa ƙwayar ta fara gagarar dapsone: an ɗebo ta daga marasa lafiya, aka sa wa ɓeraye, aka ba su maganin a abinci, amma ta ci gaba da yaɗuwa. Da ƙafar ɓera kuma aka nuna ƙarfin rifampicine, cewa sha ɗaya yana kashe fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin cikin ƴan kwanaki. Na uku, clofazimine, an fara gwada shi ga kutare a Uzuakoli ta gabashin Najeriya a farkon shekarun 1960.

Da aka haɗa wannan sani, a 1981 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a riƙa haɗa magungunan wuri ɗaya, don ƙwayar da ta tsere wa ɗaya ta faɗa hannun ɗaya. Tun 1995 ake raba shi kyauta a duniya baki ɗaya. Mai ƙaramar cuta yana sha wata 6, mai babba wata 12, ya warke sarai, kuma da zarar ya fara sha ya daina yaɗa cutar. Abin da ba a gadonsa sai a jini, ƙwayar magani ba ta fitar da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake tunani.

Dabba mai sulke, mai haihuwar ƴan huɗu

Sai dai ɓera yana da iyaka. Cutar ba ta bazuwa a jikinsa kamar yadda take yi wa mutum, kuma ba ta lalata masa jijiyoyi yadda take lalata namu. A shekarar 1971, a jahar Luwiziyana ta Amurka, wata masaniya Eleanor Storrs da wani likita Waldemar Kirchheimer suka bayyana cewa sun samu dabbar da ke kamuwa da kuturta gaba ɗaya. Sunanta armadilo. Ba mu da ita a Afirka, a nahiyar Amurka take. Girmanta kamar na muzuru, tana da dogon baki, bayanta kuma rufe da sulke mai tauri kamar ƙoƙon kunkuru, tana haƙa rami tana cin ƙwari. Zafin jikinta bai kai namu ba: mu digiri 37 ne, ita kuwa tsakanin 30 da 35. Ga ƙwayar kuturta, jikin armadilo duka kamar tafin ƙafa ne. Cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sai ta cika hanta da saifa, a samu ƙwayoyi miliyoyin miliyoyi.

Daga nan ne masana suka samu ƙwayar da yawa har suka iya buɗe cikinta. A 2001, a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ayarin Stewart Cole ya karanta dukan rubutun halittar ƙwayar, kuma wadda aka karanta an rene ta ne a jikin armadilo. Sun tarar cewa kusan rabin rubutun ya lalace, ba ya aiki. Wato ƙwayar ta zama kamar ɗan kasuwar da ya sayar da kayan aikinsa ya koma cin bashi, ba ta iya ciyar da kanta sai ta raɓu da wani. Dalilin da ya sa ta ƙi tsira a kwalba ke nan.

Amma abin da ya fi jan hankalin masu binciken gado wani ne daban. Armadilo irin wannan kusan kullum ƴan huɗu take haifa, kuma daga ƙwai ɗaya suke, halittarsu iri ɗaya sak, kamar Hassan da Husaini masu kama ɗaya. Da aka riƙa sa musu ƙwayar, sai aka lura ba duka armadilo ke kamuwa ba, wasu ƙalilan jikinsu yana korar ta, kuma ƴan ciki ɗaya sukan bi hanya ɗaya, ko su kamu tare ko su tsira tare. A nan ne gado ya fara leƙowa, amma mu lura da kyau: armadilo ba ya kamuwa da kuturta sai ƙwayar ta shiga jikinsa. Abin da ya gada shi ne ƙarfin tsayawa ko rauninsa.

To mene ne ake gada?

A jikin mutane ma haka ne. Kusan mutum 95 cikin 100, ko da ƙwayar ta shiga jikinsu, garkuwarsu tana gamawa da ita ba tare da sun sani ba. Shi ya sa surukin Hansen bai kamu ba, shi ya sa kuma muke ganin mace ta yi shekara 30 da miji mai cutar ta fita lafiya lau. Wani bincike kan tagwaye da aka buga a 1973 daga ƙasar Indiya ya nuna cewa in ɗaya ya kamu, a tagwaye masu kama ɗaya ɗan'uwan yakan kamu a kusan kashi 60 cikin 100, a waɗanda ba su yi kama ba kuwa kusan kashi 20. Wannan ya nuna halitta tana da hannu. Amma ya nuna wani abu kuma: ko wanda jininsa da na marar lafiya iri ɗaya ne sak, sau da yawa ba ya kamuwa.

Ɓera ya taimaka wajen gano inda raunin yake. A birnin Montreyal na Kanada an daɗe da lura cewa wasu zuriyoyin ɓeraye suna jure ƙwayoyi dangin na tarin fuka, wasu kuma ba sa jurewa. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke kawo wannan bambanci, aka sa mata suna NRAMP1. Da aka duba irinta a jikin mutane, a iyalan ƙasar Biyetnam, sai aka ga tana da alaƙa da kamuwa da kuturta. A 2004 masanan Kanada da Faransa suka gano wani wuri, PARK2, a iyalan Biyetnam da Burazil. A 2009 masanan ƙasar Sin suka gwada dubban mutane suka ƙara gano wasu, cikinsu har da NOD2, wadda aikinta shi ne ta ji shigowar ƙwayar cuta ta yi kururuwa. Duk waɗannan ba cutar ba ce. Masu gadi ne, wani a farke, wani mai gyangyaɗi. Kuma ba ɗaya ba ne ke yanke hukunci, da yawa ne, kowanne da ɗan ƙaramin tasirinsa, ga kuma yunwa, cunkoson ɗaki da talauci suna nasu aiki.

Mu kwatanta da rumfa. Wani ya gaji rumfa mai ƙofar ƙarfe, wani ya gaji mai ƙofar kara. In babu ɓarawo a gari, dukansu za su kwana lafiya. Ba a gadon ɓarawo. Ɓarawon a nan shi ne ƙwayar, kuma tana fitowa ne daga hanci da bakin wanda bai fara magani ba, ta zama tare na watanni da yawa. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko ta karɓar kuɗi, ko ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko ta zama kusa da juna a mota. Haɗa kifi da nono ma ba ya kawo ta.

Garkuwa ce ke zana kamannin cutar

Me ya sa wani tabo ɗaya ko biyu kawai ke fito masa, wani kuma fuska ta kumbura, gira ta zube? Ƙwayar ɗaya ce, garkuwa ce ta bambanta. An tabbatar da haka da ɓeraye. Akwai wani irin ɓera marar gashi da ake haifa ba shi da rundunar garkuwa da ake kira ƙwayoyin T. A shekarun 1970 aka sa masa kuturta, sai ƙafarsa ta kumbura da ƙwayoyi ninkin ba ninkin, kamar mai babbar cuta. Daga baya masana suka koyi cire ƙwayar gado ɗaya tak daga jikin ɓera, su ga abin da zai faru. Da suka cire wadda ke yin sinadarin interferon gamma, mai zaburar da sojojin jiki, sai ƙwayar kuturta ta ƙara yaɗuwa. Da haka ake gane aikin kowane soja ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai garkuwa takobi ce mai kaifi biyu. Yawancin nakasar kuturta daga lalacewar jijiyoyi take, kuma sau da yawa faɗan da jiki ke yi da ƙwayar ne ke ƙone jijiyar. A 2017 an ga haka ƙuru-ƙuru a jikin ƴaƴan wani ƙaramin kifi mai zane, waɗanda jikinsu garau yake ana hango ciki: sojojin jiki da suka haɗiye ƙwayar su ne ke fitar da guba a kan jijiya. Armadilo ma jijiyoyinta suna lalacewa kamar namu, shi ya sa a kanta aka gwada wata sabuwar allurar riga-kafi mai suna LepVax kafin a fara gwada ta ga mutane.

Wannan batu ya shafi mata masu suya da tuwo kai tsaye. Kuturta ba ta cin yatsu. Jijiya ce ke mutuwa, hannu ya daina jin zafi, mace ta ɗauki tukunya daga wuta ko mai ya fantsamar mata ba ta ji ba, gyambo ya shiga, ƙashi ya lalace. Maganin yana kashe ƙwayar, amma ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Bambanci tsakanin warkewa ba tabo da dungulmi shi ne zuwa da wuri.

Inda aikin ya tsaya

Kada mu ɗauka an gama. Ɓera ba mutum ba ne. Armadilo kuwa ba ta cika haihuwa a keji ba, sai an kamo ta a daji, renonta da tsada, gwaji ɗaya kuma yakan ci shekara biyu. Dabbobi sun kuma kawo wani labari marar daɗi. A 2011 an tabbatar cewa armadilon daji na sa wa mutane kuturta a kudancin ƙasar Amurka. A 2016 an same ta a jikin jajayen kuregu a Ingila da maƙwabtanta. A 2021 kuma aka bayyana ta a jikin birai cimfanze na daji a Gine Bisawu da Kodibuwa, nan yammacin Afirka. Ke nan ƙwayar tana da mafaka a wajen ɗan Adam, kuma kawar da ita kwata-kwata zai fi wuya fiye da yadda aka zata.

Ga kuma abin da ya fi damunmu. Mafi yawan binciken gado an yi shi ne a Asiya da Burazil, a Afirka kaɗan ne, a ƙasashe kamar Malawi, Habasha da Mali. Kuma abin da aka gani a wata al'umma ba lalle ya zama haka a wata ba. Misali, a 2013 an gano a ƙasar Sin wata alamar gado da ke sa dapsone ya tayar wa mutum da mummunan ciwo, alamar da ke da yawa a can amma ba a cika samunta a jikin ƴan Afirka ba. In ba a duba iyalanmu ba, za a yi ta ɗinka mana riga da awon wani.

A shekarar 2023 an samu sabbin masu cutar sama da 180,000 a duniya, mafi yawansu a Indiya, Burazil da Indunusiya. Nijar ta sauka ƙasa da ma'aunin OMS na mutum ɗaya cikin 10,000, amma wannan ba ya nufin cutar ta ƙare, domin kowace shekara ana gano sabbin mutane, da yawa kuma sai bayan nakasa ta fara. Kyautar magani ma ba ta isa ba in bai iso ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi kusan shekara guda babu shi saboda tsaikon shigo da kaya, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Mu da ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, Ƙonni da Sakkwato, abin da ya taɓa su ya taɓa mu.

Abin da ya rage mana

Ga hukumomi, muna kira da a tabbatar magani bai yanke ba a gidajen likita na karkara, a koya wa ma'aikata gane tabon tun yana ɗaya, a kuma riƙa duba mutanen gidan duk wanda aka samu da cutar. Tun 2018 OMS ta ba da shawarar a ba irin waɗannan makusanta rifampicine sau ɗaya, bayan wani gwaji a Bangaladash ya nuna hakan ya rage kamuwa da kashi 57 cikin 100 a shekara biyun farko. Allurar BCG da ake yi wa jarirai saboda tarin fuka ita ma tana ba da wata kariya, don haka kada uwa ta yi wasa da ita. Jami'o'inmu kuma su nemi shiga cikin binciken, kada mu zama ƴan kallo.

Ga mu ƴan kasuwa kuwa, namu ya fi sauƙi. Duk wanda ya ga tabo mai haske ko ja-ja a fatarsa, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, in an taɓa shi da auduga ba ya ji, ko ya ji yatsunsa suna mutuwa, to ya tafi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda ya daɗe da ƙwarewa a wannan aiki. Kada a ɓata watanni ana shafe-shafe. In an fara magani fitsari zai yi ja, fata za ta ƙara duhu na ɗan lokaci, wannan ba abin tsoro ba ne, kada a daina sha. Wadda ke shan magani ta ci gaba da sana'arta, mu kuma mu ci gaba da saye. Tsoron gori shi ne ke sa mutane ɓoye tabo har ya zama nakasa, kuma mai ɓoyewa ne ke yaɗawa, ba mai shan magani ba.

In kuma aka zo binciken aure aka ce kakan yarinya ya yi kuturta, mu tambayi abin da ya kamata: ita lafiyarta ƙalau? In akwai shakka, likita zai duba fata ya ba da amsa. Hana ta miji saboda cutar da ba a haife ta da ita ba zalunci ne da ba shi da hujja. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba kasuwa albarka, amin.